Galmar da Na Yanke daga Hoton Yaya Isa

Ni ne na yi laifi. Na daɗe ina ɗora shi a kan Bawa, wani yaron ɗan siyasa, ko a kan siyasa, ko a kan tsoron da ya rufe ƙasarmu a wancan lokaci, amma hannun da ya riƙe kyamara nawa ne, hannun da ya gyara hoton ma nawa ne. Sunana Lawali. Mai hoto ne ni a Talata Mafara. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

Daminar bana ce ta tono mini shi. Wata Talata da yamma, kasuwa tana watsewa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, sai ga wani matashi ya shigo shagona cikin sabuwar shadda. Kansila yake nema, yana son hoton fasta. Na tsayar da shi gaban labule, na kunna fitila, sai ya ce, "Baba Lawali, tsugunawa za ka yi ka ɗauke ni daga ƙasa. An ce haka ake yi mutum ya yi kwarjini."

Na fara lanƙwasa gwiwa ke nan iska ta bugo ƙofa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon. Gwiwata ta ƙi kaiwa ƙasa. Na tsaya a haka har ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Na ce masa ya dawo gobe. Na rufe shago na zauna ina jin ruwa yana dukan kwano, hankalina kuwa yana can ƙauyenmu, shekaru goma sha wani abu baya.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, gaba da Kaya. Da rani ina zama a shago, da damina kuma in koma gida noma, sai ranar Talata in hau babur in zo in buɗe. A shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo tsakiyar damina, daminar da ta gabace ta kuwa ba ta yi kyau ba. Tun kafin a ga wata, matata Luba ta fara shiga cikin rumbu da kanta tana sharo gindinsa da tsintsiya. A farkon azumi muna sahur da ɗumamen tuwon dawa. Da aka yi nisa sai ya koma kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, wanda yake cika ciki ya bar mutum da yunwarsa. Kunun buɗa baki ya yi ta tsinkewa har kana hango gindin kwano tun ba ka kai shi baki ba.

Muna fita gona da an sallame asuba, raɓa tana jiƙa mana wando har gwiwa. Kafin hantsi rana ta fito da wani irin zafi mai ɗanshi, irin wanda gumi ba ya bushewa. Harshe ya manne a ganɗa. In rana ta take, kowa ya nemi gindin itace ya kwanta, ya jiƙa riga a kududdufi ya rufe fuska, ƙudaje suna bin sa. Abin da ya fi wuya shi ne ranar da ruwa ya same ka a gona. Ga shi yana zuba a kanka, yana gangarowa ta goshi har leɓe, mai sanyi, kai kuma ka datse baki kamar wanda aka ba amana.

Yunwa da ƙishirwa mun san su tun muna yara. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne tsoro. A shekarar ne ɓarayin daji suka fara matsowa kusa da mu. Sun kore shanun huɗarmu tun farkon damina, muka koma huɗa da galma kamar kakanninmu. Gonakin nesa aka bar wa ciyawa. Ba mai fita shi kaɗai. In aka ji ƙarar babur daga yamma, sai ka ga kowa ya tsaya cak a kan kunyarsa, ba mai ko tari, har ƙarar ta wuce. Mata suka daina zuwa itace bayan rafi. Ko kare ya yi haushi da rana sai gaban mutum ya faɗi.

Wanda ya riƙe mu a wannan damina Yaya Isa ne, ɗan wan mahaifina. Shi ya ce tunda ba shanu, a koma gayya: yau a taru a gonar wane, gobe a gonar wane, a fara da ta gwauraye mata da marasa lafiya, tasa kuma ta zo ƙarshe. Dogo ne, baƙi, mai yawan raha, kullum da 'yar rediyonsa rataye a kafaɗa. Ganin haka mutane suka matsa masa ya tsaya takarar kansila, zaɓen kuma an ce bayan ƙaramar Salla. Abokin takararsa Alhaji Sambo ne, ɗan garinmu ne shi ma, amma a Gusau yake zaune, ba ma ganinsa sai an yi rasuwa ko biki.

Su biyun duk ni na yi wa hoto, kuma a nan ne ya kamata in faɗi abin da na koya wurin maigidana da ya koya mini sana'a. In ka ɗauki mutum daidai tsayin idonsa, maƙwabci za a gani. In ka hau kujera ka ɗauke shi daga sama, sai ya ƙanƙance kamar mai roƙo. In ka tsuguna ka ɗauke shi daga ƙasa, sai ya yi tsawo ya rufe sama, mai kallo ya ji yana ƙarƙashinsa. In haske ya zo ta gaba, fuska a buɗe take, ana yarda da ita. In ya zo ta baya, fuskar ta rufe, sai ido kawai. Mutanenmu ba su san wannan ba. A wurinsu hoto shaida ne, abin da ya nuna haka yake.

Alhaji Sambo na zaunar da shi a gaban fanka cikin farar babbar riga. Na ce ya ɗan ɗaga haɓa, ya dubi sama kaɗan kamar mai hangen wani alheri, ya ɗora hannu a ƙirji. A kwamfuta na goge masa ƙuraje, na ƙara masa haske, na cire labulen shagona na sa masa koriyar gonar shinkafa ta madatsar ruwan Bakolori a baya. Mutumin da bai taɓa sunkuyawa a kan kunya ba, ya fito kamar shi ya shuka ta.

Na yi wa Yaya Isa irin wannan gyaran, da zuciya ɗaya. Ranar da ya zo karɓa, shagon cike yake da 'yan kasuwa. Ya riƙe hoton ya nisanta shi, ya kusanto da shi, ya juya bayansa.

"Lawali, wa ke nan?"

"Kai ne mana, Yaya."

"A'a. Wanga ba ni na ba, wanga ango na. In Asabe ta gan shi sai ta ce in sake ta ta aure shi." Asabe matarsa ce. Shago ya kwashe da dariya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, yi mini wanda ya yi kama da ni. Kar mutane su zaɓi wanga farin, ni in iso su ce ba su san ni ba."

Raha ce kawai irin tasa. Ya karɓi ɗan hoton fasfo ya tafi, na tabbata kafin ya kai tasha ya manta. Ni ban manta ba. Dariyar nan ta zauna mini a maƙogwaro, musamman da wani mai shayi ya riƙa kirana mai hoton ango.

Ranar da gayya ta zo gonar wata tsohuwa a gefen gari, na ƙunshe kyamara a leda na tafi da ita. Mun yi huɗa tun safe, muka huta, muka dawo bayan la'asar don a ƙarasa. Sai hadari ya taso da iska mai yashi. Yaya Isa ya naɗe kansa da bakinsa da wani tsohon mayafi, ya saɓa galma a kafaɗa, ƙarfen yana bayan kansa, ƙotar ta sauko kan ƙirjinsa yana riƙe da ita. Igiyar rediyo ta gitta ƙirjin. Idonsa ya yi ja saboda azumi da gumi. Ya juyo yana yi wa mutane tsawa, "Ku ɗaga hannu, jama'a, ruwa ya iso!" Na tsuguna cikin kunya, a gabansa, ɗan hasken da ya rage yana bayansa, na danna. A raina na ce, to ga wanda ya yi kama da kai.

Da muka sha ruwa na nuna wa Luba a ɗan gilashin kyamarar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce Yaya kamar hadarin yake yi wa faɗa. A hoton ana ganin komai: ƙarfen galma, rediyo a ƙugu, mutanen gayya a baya sun sunkuya, da tsohuwar mai gona tana tattara kaya.

Talatar da ta biyo na zauna gaban kwamfuta, janareta yana ƙara, ba kowa a shagon. Na yanke gefen dama, mutanen gayya suka tafi. Na yanke ƙasa, rediyo ta tafi, igiya ta saura. Na yanke sama, ƙarfen galma ya tafi, ƙota ta saura. Na ƙara baƙi har alamar itacen ƙotar ta ɓace. Da na jingina baya na duba, ni kaina da ƙyar na gane shi. Mutum ne rufe da fuska, jan ido, igiya a ƙirji, hannu a kan wani dogon abu baƙi. Ba wanda zai ce galma ce ba bindiga ba.

Ina cikin kallo sai ga Bawa, yaron siyasar Alhaji Sambo, ya zo karɓar fastocin maigidansa. Ya leƙo ta bayana ya ƙura wa hoton ido. Can ya ce, "Isa na wanga?"

Na ce, "Shi ne."

Ya saki wata 'yar dariya. "Kai, Lawali, ashe mugu na kai. Wallahi ka iya aiki. Zuba man shi a waya."

Ban ji tsoro ba a lokacin. Daɗi na ji, an ce na iya aiki. Na ce wa kaina wasa ne, iyakacinta a yi masa dariya yadda aka yi mini. Na tura masa.

Kafin Juma'a fastar ta fito. Alhaji Sambo a dama cikin farar riga da koriyar shinkafa, Yaya Isa a hagu, a ƙasa an rubuta, "Wa za ka ba amanar garinku?" An liƙa ta a bangon makaranta, a jikin rumfar mai nama, a kan hanyar Gidan Goga. Samari suna tura wa juna a waya. Da farko mutanen garinmu dariya suka yi, sun san Isa. Shi kansa ya tsaya gaban fastar ya ce, "Kai, ko ni na haɗu da wanga a hanya, gudu zan yi." Amma ƙauyukan da ke kewaye ba su san rahar Isa ba. Idon kawai suka gani. Na ji da kunnena wata mata a bakin rijiya tana cewa, "Dubi idonshi, don Allah. Mai irin wanga ido ba ya jin tausayi." Matar da ya yi wa huɗa ce a satin da ya wuce.

Sai ɓarayi suka faɗa wa wani ƙauye kusa da mu da hantsi. Suka kashe wani manomi a kan kunyarsa, suka kora awaki da tumaki, suka bi ta wata ɓoyayyiyar hanya da sai ɗan ƙasa ya san ta. Daga ranar magana ta koma ɗaya: akwai mai kai musu labari. Kowa ya fara duban maƙwabcinsa. A masallaci sahu ya riƙa yin giɓi. Kuma aka fara cewa hoton nan a daji aka ɗauke shi, a sansaninsu, wani ne ya tsinci wayar ɓarawo ya same shi a ciki.

Bawa ya tare ni a hanyar gona, ya kashe babur, bai ko yi sallama ba.

"Ka ji abin da ake faɗi?"

"Na ji. Bawa, a cire fastar nan. Kashe shi za a yi."

"Ta riga ta fita hannuna. Kai dai ka riƙe bakinka. An ce a daji anka ɗauke shi. In ka ce kai ka ɗauka, za a tambaye ka mi ya kai ka daji. In kuma ka ce gyara ka yi, to kai ka haɗa wa ɗan'uwanka sharri, dangi su za su fara da kai. Zaɓi ɗaya."

Ya tada babur ya bar ni. Na zauna a kan kunya cikin laka. A nan na ciro kyamara na goge cikakken hoton, mai galma da rediyo da mutane. Washegari, ba ranar kasuwa ba, na je Mafara na goge na kwamfuta. Abin da kawai zai wanke shi, ni na share shi da yatsana.

Daga nan ban sake sanin ɗanɗanon abinci ba. In an kira magariba, Luba ta miƙo kunu, sai in riƙe kwanon in ajiye shi ban sha ba, ni da na wuni ina mafarkin ruwa. Ƙarar babur kowace iri tawa ce: ko ɓarayi, ko 'yan sa-kai masu farautar ɓarayi, ko Bawa. In mutum biyu suna magana suka yi shiru da isowata, sai gumi ya karyo mini. Na daina tsayawa kusa da Yaya Isa a wurin gayya. Shi kuwa bai fasa ba, yana gaba da galmarsa, ya dai daina naɗa mayafi ko ana iska.

'Yan sa-kai suka zo a goman ƙarshe, bayan azahar, rana kamar ta faɗo. Babura suka cika filin masallaci. Shugabansu dogo ne mai layu a damtse, fastar tana hannunsa a ninke. Aka jawo Yaya Isa daga gida, aka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar roba, aka zaunar da shi a rana. Duk gari muka fito muka tsaya a jikin bango.

Shugaban ya buɗe fastar ya ce, "Kai ne wanga?"

"Ni na. Amma galma ta a hannuna. Ranar gayya ta."

Wani tsoho daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Gaskiya ta, ranka ya daɗe. Ga hadarin nan ma a bayanshi, duk muna wurin."

Dogon ya ce, "Hadari ko a daji ana yin shi, tsoho. Ina galmar? Ina ku da kuke wurin? Ni mutum ɗaya na gani." Ya ɗaga fastar sama ya juya da ita. "Wa ya ɗauki hoton ga?"

Yaya Isa ya ɗago kai ya neme ni cikin mutane har ya same ni. Ba da fushi ya dube ni ba. Kamar ma ya ji sanyi da ya gan ni.

"Ga ƙanena nan. Lawali, gaya musu. Ba kai ka tsuguna gabana ranar ba?"

Duk filin ya juyo. Na ga bakin bindigar gargajiya, na ga adduna, na hango Bawa can baya yana kallon ƙasa. Na ji bakina yana cewa, "Na ɗauki hotuna ranar, amma wannan ba nawa ba ne. Nawa ba sa fita haka."

Da azumi a bakina na faɗa, a ƙofar masallaci.

Yaya Isa ya ɗauke idonsa daga kaina. Ya mayar da kansa ƙasa. Suka bar shi a ɗaure suna yi masa tambayoyi, wani lokaci da baki, wani lokaci da sanda. Igiyar ta nutse cikin damtsensa har hannun hagu ya kumbura ya yi shuɗi. Asabe tana kuka a bayan zana. Da rana ta yi ja, liman ya fito ya riƙe rigar dogon nan, ya ce ba za a sha ruwa a garin nan da Musulmi a ɗaure ba, in kashe shi za su yi su fara da shi. Mai gari ya sa baki. Suka kwance shi, suka ce za su dawo bayan Salla, in sun tarar da shi ba ruwan kowa.

Da gari ya waye gidansa ba kowa. An ce sun bi motar farko zuwa wajen dangin Asabe a Bakura.

Gonarsa ce ta rage a layin gayya, ita ce ta ƙarshe kamar yadda ya tsara. Ba wanda ya yarda ya taka ta, kar a ce yana tare da shi. Hanyar gonata ta gefenta take. Kullum ina ganin geron yana ramewa, ciyawa tana hawansa, ganyen yana komawa rawaya. Ruwa ya yi kyau a ƙarshen daminar, kowa ya samu, ita kaɗai ta tsaya kamar maƙabarta a tsakiyar kore. Ɗan abin da ta fitar tsuntsaye suka cinye. Gayya ma daga ranar ta mutu, kowa ya koma gonarsa shi kaɗai da tsoronsa.

Da jajiberin Salla Luba tana tankaɗe, ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, ni na ga galmar nan."

Na ce, "Rufe mini baki. So kike a kashe ni?"

Ta rufe. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Amma da safe da yara suka sa kayan Salla na ɗauko kyamara, sai ta tattara su ta tura ɗaki. Ta ce, "Bar su yadda Allah ya yi su." Tun daga ranar ba ni da hoton 'ya'yana ko ɗaya da na ɗauka da hannuna.

Alhaji Sambo ya ci zaɓe ba hamayya. Fastarsa ta daɗe a bangon makaranta yana kallon sama, har rana ta cinye shinkafar. Ɓarayi ba su fasa ba bayan tafiyar Yaya Isa, sai ma abin da ya ƙaru, har mu ma muka kwashe muka dawo Mafara. Bakura ba nisa daga nan. Motocinta suna lodi ina ganinsu daga ƙofar shago. Sau da yawa ana rasuwa a dangi in aika Luba, in ce aiki ya riƙe ni, don kar in haɗu da Yaya Isa.

Ranar da matashin nan ya ce in tsuguna, ban iya cin tuwo ba. Washegari ban buɗe shago ba. Na gaya wa Luba inda za ni, ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗauko mini hulata. Kyamara na bar ta a gida.

Na sami Yaya Isa a fadamar shinkafa wajen garin Bakura, inda ruwan Bakolori yake bi ta magudana. Aikin dashe yake yi a gonar wani, shi da wasu mutane, sun fito hutawa a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wadda wasu ke kira dogon yaro. Ya tsufa, gemu ya yi fari. Hannun hagu yana ajiye a kan cinyarsa, siriri, yatsun a lanƙwashe. Rediyo tana rataye a reshe. Na yi sallama.

"Wa nike gani haka? Lawali? Lale, lale! Ina kwana, ina gajiya? Ya hanya? Ya Luba, ya ɗiya? Ya ruwa wajenku?"

Na amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ga abokan aikinsa ya ce, "Ƙanena na, mai hoto. Shi ya taɓa mai da ni ango." Suka yi dariya. Ya matsa mini gefen tabarma.

Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, magana ta kawo ni, kuma ina so mutanen nan su ji. Ranar da aka ɗaure ka..."

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Bar ta, Lawali. Tsoro na, kowa ya ji shi ranar. Ko ni ina wurinka ban san mi zan ce ba. Na san Bawa ya sace hoton a shagonka ya kai anka lalata shi. Na daɗe da barin shi da Allah. Zauna ka sha fura."

Sai na gane abin da ya riƙe duk shekarun nan. Ya yafe mini rabin laifin, sauran rabin bai ma san nawa ne ba. Ƙofa ce ya buɗe mini, in na zauna na sha furar nan shi ke nan, in koma gida a matsayin matsoraci kawai. Na dubi tabarmar. Na dubi hannun. Iska ta taso daga gabas tana kaɗa shinkafa, hadari yana haɗuwa a bayan kansa.

Gwiwar da ta ƙi lanƙwasawa a shago ta lanƙwasa. Na tsuguna a gabansa cikin laka, daidai yadda na tsuguna a wancan karon, na cire hula. Wani daga cikin mutanen ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Na ce, "Yaya, Bawa bai saci komai ba. Ni na yanke galmar. Ni na yanke rediyo da mutanen gayya, ni na baƙanta fuskarka, saboda dariyar da ka yi mini a shago. Ni na ba shi da hannuna, kuma na ji daɗi da ya yaba. Cikakken hoton da zai wanke ka yana wurina, na goge shi. Da ka kira ni ƙanenka a gaban mutane, na yi maka ƙarya da azumi a bakina. Hannunka, da gonarka, da gidanka, da sunanka, duk a wuyana suke. Ranar Juma'a zan tashi a masallacin da mutanen garinmu suke salla a Mafara in faɗi wannan da bakina, ko ka yafe ko ba ka yafe ba. Ban zo da hujja ba, Yaya. Na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe mini."